Ko ka sani? Da azurfa kyamarar fim take kama hoto

Ko ka san cewa kyamarar fim, irin wadda masu hoto ke ratayawa a wuya suna zaga gidajen biki da suna a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni cikin Kano kafin wayar hannu ta ƙwace musu kasuwa, da azurfa take aiki?

Fim ɗin wata leda ce mai faɗin milimita 35, an shafe fuskarta da danƙo mai ɗauke da ƙwayoyin gishirin azurfa waɗanda ido ba ya iya gani. Idan mai hoto ya danna maɓalli, wata 'yar ƙofa a bayan gilashin kyamara takan buɗe ta rufe nan take, sau da yawa cikin kashi ɗaya bisa 125 na daƙiƙa. Ɗan hasken da ya samu shiga sai ya bar tabo a jikin ƙwayoyin. A kife hoton yake sauka, kai a ƙasa ƙafa a sama, kamar yadda Ibnul Haisam ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce.

Ko an zaro fim ɗin a lokacin ba za a ga komai ba, sai an wanke. Ruwan magani na farko yana mayar da ƙwayoyin da haske ya taɓa su zama baƙar azurfa, wani kuma ya ɗauraye waɗanda bai taɓa ba. Shi ya sa idan ka ɗaga negatif, wato wankakken fim ɗin, sama za ka ga farar babbar rigar ango ta koma baƙa, baƙin gashi kuma ya yi fari. Sai an haska shi a kan takardar hoto kowane launi ke komawa mazauninsa. A fim mai kala, rini ne ke fitowa a gurbin azurfar, ita kuma a wanke ta gaba ɗaya, a ruwan da zafinsa ya kai digiri 38. Jar fitilar ɗakin duhu kuwa ta masu buga baƙi da fari ce, don takardarsu ba ta jin jan haske. Shi fim duhu ƙirin yake so, kuma idan yaro ya buɗe bayan kyamara da rana, hotunan biki sun ƙone ke nan.

Ƙunshin fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ci, saboda haka ba a dannawa a banza. A wancan zamanin, ranar Sallah a Gidan Zoo sai ka ji mai hoto yana cewa, "Hajiya, a ɗan matso. Yara, a tsaya cak, kar a ƙifta!" Ya karɓi kafin alƙalami, sai fim ya cika a kai wanki, sannan a san wanda ya fito da ido a rufe. Yanayin Kano ma ba ya raga wa fim. Zafin bazara yana gurɓata kalarsa, shi ya sa ƙwararru ke ajiye shi a firiji, ƙurar hunturu kuma tana jan layi a jikinsa.

George Eastman na Amurka ne ya sauƙaƙa wa kowa ɗaukar hoto a 1888, da kyamarar Kodak mai cin hoto 100, wadda ake mayar wa kamfani ɗungurungum ya wanke. Leica ta Jamus ta yaɗa fim mai milimita 35 daga 1925. A 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim, kuma irin wannan fasahar ce ta kai kamfanin ga bayyana karyewar arziki a 2012.

Idan akwai ambulan ɗin tsofaffin negatif a ƙasan akwatin gidanku, kada a zubar. A riƙe su ta gefe, a nesanta su daga zafi da damshi. Ko hoton da ke cikin albam ya koɗe, daga negatif ana iya buga sabo, ko a kwafe shi zuwa kwamfuta.