Lissafin gyaran madafa

A kowane gida akwai wurin da ake dafa abinci. Wasu suna girki a tsakar gida, wasu a ƙarƙashin rumfa, wasu kuma a cikin ɗan ƙaramin ɗaki da ake kira madafa. A tsofaffin gidajen ƙasa na Damagaram, Maraɗi ko Tawa, madafa ce ɗakin da ya fi shan wahala. Hayaƙi yana baƙanta bango. Ruwan wanke-wanke yana cin gindin gini. Da damina rufi yana yoyo a kan itace da hatsi. In aka ƙyale shi, wata rana sai ya rufto, ko da akwai mutum a ciki.

Mai son gyara madafa ba ya fara da rushewa. Da lissafi yake farawa. Wanda ya buɗe rufi kafin ya ƙirga kuɗinsa, yana iya tsayawa a tsakiyar aiki, ruwan sama ya tarar da ɗakin a buɗe.

Da farko ana kiran magini ya duba ɗakin. Uwargida ma dole a tambaye ta, don ita ce ta san inda ruwa yake ɗiga da inda hayaƙi yake taruwa. Magini yana ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya. Azarar da gara ta ci tana nan kamar lafiyayya daga waje, amma cikinta ya zama gari. Yana kuma duba gindin bango da indararo.

Daga nan sai a jera ayyukan. Rufi ne na farko, sai gindin bango, sai taga, sai daɓe. Ado shi ne na ƙarshe. Mutane da yawa suna juya wannan tsari. Suna kashe kuɗinsu wajen shafe bangon laka da siminti don ya yi kyau a ido. Amma siminti da laka ba sa jituwa. Ruwa yana shiga bayan shafen, laka ta jiƙe, shafen ya ɓalle ya faɗi. Bangon laka ya fi son yaɓen laka da aka kwaɓa da ciyawa, ko da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Siminti ya fi amfani a ƙasa, wurin da ake ajiye randa da wanke tukwane.

Yanzu mu zo ga kuɗi. Kun san dala 1 ita ce 5 F, jika 1 kuma 1.000 F ce. A ce wani maigida da matarsa sun tara jika 60. Shi ya sayar da wake bayan kaka, ita kuma ta kwashi adashi. Ɗiyarsu da ke lakkwal ta ɗauki alƙalami da takarda, suna faɗa tana rubutawa. Farashin da ke nan misali ne kawai, don kowace kasuwa da nata.

Ana bukatar tubali 200 don ɗaga bangon da ya zaizaye. In kowane tubali dala 5 ne, kuɗinsu jika 5 ke nan. Magini ya ce a sake azara 6, kowace jika 2, wato jika 12. Ɗaukar ƙasa da ruwa a amalanke zai ci jika 6. Siminti buhu 2 na daɓe, jika 10. Indararo da ƙaramar taga, jika 4. Magini da yaronsa za su yi kwana 4, ana ba su jika 4 a rana, jika 16 ke nan. Da aka haɗa duka, sai aka samu jika 53.

Saura jika 7. Maigida ya so a sayi sabuwar ƙofa da su. Matarsa ta ce: «Malam, a bar su tukuna, sai an buɗe rufi mun gani.» Tana da gaskiya. Tsohon gida yana ɓoye ciwonsa. Sau da yawa sai an kwashe ƙasar rufi ake ganin wasu azara biyu ko uku da suka ruɓe a inda suka shiga bango. In aka sami 2, jika 4 sun tafi. Ga kuma abincin rana na ma'aikata, wanda kusan kowa yake mantawa da shi a lissafi. Saboda haka ana ware aƙalla kashi 1 cikin 10 na kuɗin, kada a taɓa shi sai aiki ya kusa ƙarewa.

Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada ƙwarai. Don haka ba a yin lissafi da farashin bara. Ana zuwa kasuwa a tambayi ƴan kasuwa biyu ko uku a makon da za a fara aiki. Buhun siminti kilo 50 ne. Ko na Malbaza ne ko na waje, kada a saye shi da wuri a ajiye a wuri mai laima, don zai daskare ya zama dutse.

Azarar giginya ta fi sauran tsada, amma gara ba ta cin ta da sauƙi. Giginya itaciya ce da doka take karewa a Nijar. Ba a sare ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Lokacin aiki ma yana shiga lissafi. Bayan kaka, da sanyi, akwai sauran ruwa a tafki, tubali yana bushewa da kyau, mutane kuma sun gama aikin gona. Wanda ya jira bazara zai sayi ruwa da tsada, ga hadari yana tafe.

Akwai gyara biyu masu araha da bai kamata a bari ba. Na ɗaya shi ne taga a can sama, kusa da rufi, don hayaƙi ya sami mafita. Hayaƙi yana cutar da ido da ƙirjin mai girki, har da jinjirin da ke goye a bayanta. Na biyu shi ne murhu. Murhun duwatsu uku yana watsa wuta ko'ina. Murhun laka da ya kewaye tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi da maƙera suke yi, yana rage cin itace. Ana iya gina na laka da ragowar kwaɓin da magini ya bari.

Tambayoyi

1. Don me ake fara gyara rufi kafin ado?
2. Jika 53 dala nawa ce?
3. In magini ya ƙara kwana 1 a kan aikin, kuma aka sake azara 1, nawa zai rage cikin jika 60?
4. Ku tambayi iyayenku mata abin da suka fi so a gyara a madafarku, ku rubuta lissafinsa.