Kokowar jiya da ta yau: a tambayi mutum na goma

Idan kaka ta yi a Adar, an ɗaure dammunan hatsi an zuba a rumbu, akwai gardamar da ba ta tsufa a fadar samari da majalisar dattawa, tun daga Garhanga da Keita har Buza da Madawa. Dattijo zai ce ƴan kokowar yanzu ƙiba kawai suka tara, da Kadade Zambo, tsohon gwarzon Tawa, ya riske su da ba wanda zai kai ga shan ruwa. Saurayi ya amsa da ladabi, ya ce Baba, ai kun ga Isaka Isaka na Doso da idonku. Daga nan sai a yi ta jefa sunaye har shayi ya huce, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Na daɗe ina sauraron wannan gardama, kuma abin da na lura shi ne duka ɓangarorin biyu sarakuna suke gwadawa. Sarki kuwa ɗaya ne a shekara. Jaha ba ta zuwa gasar takobi, wato gasar kokowa ta ƙasa a Nijar, da mutum ɗaya, da goma take zuwa.

Bari mu yi lissafin da ba a cika yi ba a bakin fage. Jahohi takwas ne ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace da ƴan kokowa 10, jimilla 80. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya, kuma a kowace haɗuwa ana kokowa goma. Ke nan jaha guda tana da kokowa 70 a zagayen farko. A cikin 70 ɗin nan, gwarzon da ya fi kowa, ko da ƙarfinsa ya kai na ɓauna, bakwai kaɗai zai iya kawowa gida. Sauran 63 suna wuyan mutum tara da ba kowa ke riƙe sunayensu ba. Wanda ya sha ƙasa sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma bai tattara kayansa ba, gobe ma zai shiga fage da sunan jaharsa. A nan ne ake gane jahar da ke da zurfi da wadda ke da doguwar bishiya ɗaya a tsakiyar fako.

Akwai wani amfanin na tara ɗin da ya wuce ƙidayar kaye. Mai neman takobi sai ya ratsa jahohi bakwai ba tare da ya faɗi ba. Idan na bakwai da na takwas na Tawa maza ne, duk wani gwarzon wata jaha da ƙuri'a ta haɗa shi da su zai jiƙe da gumi, wataƙila ma a can tafiyarsa ta ƙare. Sau da yawa wanda ya share wa sarki hanya wani ɗan uwansa ne da ya kayar da babban abokin hamayya tun kwana na uku, shi kuma ya faɗi a kwana na huɗu, makaɗa ba su sake ambatonsa ba.

To, idan za a gwada zamani da zamani, tambayar da ta dace ita ce: mutum na goma na Tawa a zamanin Kadade Zambo, da mutum na goma na yau, wa ya fi?

A Tawa aka fara gasar ta ƙasa a 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, kuma Kantu na Maraɗi ne ya ɗauki takobin farko. Mutanen wancan ƙarni, su Kantu da Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa, sannan Langa-Langa na Damagaram, sun zama sunayen da ake rantsuwa da su. Filin kokowar Maraɗi yau sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Sai dai a kula da yadda labarinsu ya iso gare mu. Ta bakin makaɗa ya zo, da kirari, da abin da aka ji a Muryar Sahel ana kewaye da rediyo ɗaya a ƙofar gida. Makaɗi kuwa ba ya ɓata fatar gangarsa a kan wanda aka kayar sau biyar. Kirari rariya ce, tana riƙe tsaba ta zubar da dusa. Bayan shekara arba'in abin da ya rage a kunnen mutane manya huɗu ko biyar ne, sai a ɗauka duk ƴan kokowar lokacin haka suke. Na yau kuwa kowace faɗuwarsa tana cikin wayar kowa, ana turawa ta WhatsApp, ana maimaitawa ana dariya. An gwada tataccen jiya da ɗanyen yau, dole jiya ta yi nasara.

Wannan ba ya nufin dattijon bai da gaskiya ko kaɗan. Yana da ita, amma ba a inda yake nunawa ba.

A ƙidayar 1977 mutanen Nijar duka sun ɗan haura miliyan 5. A ta 2012 sun wuce miliyan 17, jahar Tawa ita kaɗai ta haura miliyan 3. Da yawan jama'a kaɗai ke haifar da gwanaye, da goman Tawa na yau sun ninka na da ba tare da gardama ba, tunda gurbin goma ne har yanzu, masu nemansa ne suka ƙaru. Amma ba a haifar ɗan kokowa a asibiti. A dandalin ƙauye ake yin sa, da farin wata bayan girbi, inda yaro ke faɗuwa sau ɗari kafin ya koyi inda zai sa ƙafarsa, daga nan ya tafi ƙauyen gaba ranar kasuwa ya gamu da wanda bai san salonsa ba. Wannan lokacin na bayan girbi shi ne kuma lokacin da motoci ke kwashe samarin Adar. Bida, wato tafiya neman kuɗi a waje, tsohuwar al'ada ce a nan, fari na 1973 da na 1984 suka ƙara mata ƙarfi. Wanda ya san ƙasar Keita ya san irin zaizayar da ta sa aka kawo babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da tallafin Italiya, inda mata suka fi yawa a wajen ɗaukar duwatsu domin maza suna can Abijan ko Legas, daga baya kuma Libiya da Aljeriya. Saurayin da ya fi ƙarfi a gida shi ne farkon wanda ake turawa neman kuɗin cefane. Mai yiwuwa mutum na goma na gaskiya na jahar Tawa yana can yana tura baro a wata kasuwar da ba a san sunan kakansa ba.

A ɗaya gefen kuma, wanda ya samu shiga cikin goman yau yana samun abin da na da bai samu ba. Akwai zaɓe daga gunduma zuwa jaha, akwai zaman horo kafin gasa, akwai mai horarwa, kuma yana iya kallon abokin karawarsa a waya ya san ta inda yake kai hari. Kyauta ta yi kauri, bayan takobi da doki da rawani akwai miliyoyin sefa, har kokowa ta zama sana'ar da wasu ke ci da iyali. Kuɗin nan ya kawo wani abu da ke dagula lissafi: ɗan kokowa yana iya tashi daga inda aka yanke cibiyarsa ya ɗaura wa wata jaha ɗamara. Idan ka ga jaha ta yi zurfi, sai ka tambaya ko rijiyarta ce ko ruwan aro ne.

Dokoki ma sun sauya fuska. Yanzu akwai agogo, akwai gargaɗin alƙali ga wanda ke ja da baya, kuma wanda ya iya tattalin numfashinsa da kiyaye doka yana iya wuce wanda ya fi shi ƙarfi. Abin da bai sauya ba shi ne gasar takobi ba ta raba mutane bisa nauyi kamar yadda ake yi a gasannin ƙasa da ƙasa. Siriri yana iya faɗawa hannun ƙato. Layu da guraye da kambu suna nan, ƴan cali-cali na nan suna ba jama'a dariya, waɗannan ba su san wani zamani ba.

Ni dai ga inda na tsaya. A saman tsani ba na yarda a ce an samu koma baya. Kadri Abdu, wato Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da babu wanda ya yi kafin shi, kuma Tawa ba ta daina fitar da sarakuna ba bayan Kadade, ga Haruna Abdu ga Yahaya Kaka. Ina kuma zaton goman da ke hawa mota zuwa gasa yau sun fi na da kusanci da juna a ƙarfi da dabara, saboda horo ɗaya suke sha. Inda nake jin tsoro shi ne ƙasa da goman, na sha ɗaya zuwa na ɗari, waɗanda ba a zaɓa ba amma su ne ke tilasta wa zaɓaɓɓu su yi gumi. A da kowane gari yana da nasa gwani da ake kiɗa wa ganga. Dattijon Garhanga da ke cewa kokowa ta mutu, ina jin wannan yake kewa, sai dai sunan Kadade ne ya fi saurin zuwa bakinsa.

Zato ne, kuma zato zai ci gaba da zama muddin sunan sarki kaɗai ake rubutawa. Ina kira ga masu kula da kokowa a jahar Tawa da gidajen rediyon karkara na Keita da Buza da Madawa, su buɗe littafi tun daga zaɓen gunduma: wa ya shiga, daga wane gari, wa ya kayar, wa ya kayar da shi. Su kuma je wurin tsofaffin ƴan kokowa da makaɗansu da na'urar ɗaukar murya tun suna raye, su tambaye su sunayen sauran taran da suka raka Kadade.