Sarƙar Da Ke Yanke Ranar Gama Aiki

Ku sani, ya ku malamai da 'yan kasuwa, a zamanin da fatake ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ayari guda kan ɗauki mutane ɗaruruwa da jakunansu, su yi watanni bisa hanya. Duk da yawan nan sha'ani ba ya cika rikicewa, gama kowa ya san matsayinsa. Jagaba yana gaba yana duban hanya, malamin ayari yana riƙe da rubutu da lissafi, madugu kuwa shi ke da magana ta ƙarshe. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne zango ɗaya su ke sauka. Yau abokan tarayya sun warwatsu, wannan yana Kano, wancan yana Ikko, wani yana bisa mota tsakaninsu. Kowa na zaton ɗan'uwansa ya gama nasa, sai ranar alkawari ta zo a tarar da kaya a ƙasa, a yi hasarar dukiya, zumunci kuma ya ɓaci.

Domin maganin wannan aka ƙago abin da a ke kira manhajar tsara aiki, watau wani daftari da ke cikin kwamfuta ko wayar hannu, wanda dukan masu aikin ke dubawa sa'a guda ko da suna nesa da juna. Amma ba a gane fa'idarta sai an san hikimar da aka gina ta a kai.

Asalin hikimar daga masana'antun Amurka ta fito. Wajen shekara ta 1910 zuwa 1915 wani injiniya, Henry Gantt, ya shahara da wani allo da a ke jera kwanaki a samansa, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon tsawon lokacinsa. Allon nan kan nuna yaushe aiki zai soma, yaushe zai ƙare, amma ba ya bayyana wane aiki ke jiran wane. A shekara ta 1957 sai mutum biyu, Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na kamfanin Remington Rand, suka warware mas'alar da taimakon kwamfutar nan ta farko-farko mai suna UNIVAC. Suka lura cewa a cikin ayyuka ɗari, kaɗan ne ke sarƙe da juna, kowane ba ya somuwa sai na gabansa ya ƙare, kuma sarƙa mafi tsawo ita kaɗai ke yanke ranar gamawa.

An jarraba wannan a masana'antar DuPont da ke birnin Louisville, inda a ke yin roba. A kan tsai da injuna domin gyara, ko wace awa kuwa ta tsayawa hasara ce. Da aka bi sabon lissafin, sai tsayawar ta sauko daga awa 125 zuwa awa 93. A shekara ta 1958 kuma sojan ruwa na Amurka suka fito da wata hanya mai kama da ita domin aikin makamin nan Polaris, wanda kamfanoni masu yawan gaske suka yi tarayya a cikinsa.

Ga misali domin magana ta fito fili. A ce mutum huɗu sun haɗa jari za su kai wake Ikko daga kasuwar Dawanau. Sayen wake kwana 4 ne. Gyara shi da ɗura shi a buhu kwana 2, ba ya yiwuwa sai an gama saye. Lodi kwana 1, tafiya kwana 3. Jimla kwana 10 ke nan, ita ce sarƙa mafi tsawo. Akwai kuma ƙananan ayyuka biyu a gefe: sayen buhuna kwana 1, neman mota kwana 1. Mai neman mota yana da rarar kwana 5, gama ba a bukatarta sai safiyar kwana na 7. Mai sayen buhuna yana da rarar kwana 3 kurum. In mai neman mota ya yi jinkirin kwana 2, babu abin da ya ɓaci, faɗa da shi ɓata baki ne. In mai sayen wake ya yi jinkirin kwana 1, to, kaya ba za su isa ba sai kwana na 11. In kuwa mai buhuna ya raina aikinsa har ya makara kwana 4, to, ya cinye rararsa ya ƙara da ɗaya, shi ma ya shiga sarƙa, buhun da ba a bakin kome ya ke ba ya tsare mota guda.

Mutum na iya lissafa ayyuka shida da ka. In sun kai ɗari shida, ko wace rana kuma wani ya motsa, sai an sami mai sake lissafi ba gajiya. Wannan shi ne aikin manhaja. Kamfanin Microsoft ya fito da tasa, Microsoft Project, a shekara ta 1984. A cikinta a kan rubuta kowane aiki da tsawonsa da abin da ya ke jira, ita kuwa ta fitar da sarƙar, in an sauya kwana ɗaya ta sauya sauran nan take.

Akwai wata hanya ta biyu mafi sauƙi, wadda ta samo asali daga Japan. A shekarun 1950 Taiichi Ohno na kamfanin motocin Toyota ya tsara wasu 'yan katuna da su ke kira kanban, waɗanda ke bin kaya daga sashe zuwa sashe, ba a ƙera kome sai kati ya zo ya nema. Daga baya masu rubuta manhaja suka ari dabarar, suka mai da ita allo mai gida uku: abin da za a yi, abin da a ke yi, abin da aka gama. Kowane aiki kati ne, bisansa akwai sunan mai shi da ranar ajalinsa, yana matsawa daga gida zuwa gida. Trello, wadda ta fito a 2011, bisa wannan aka gina ta. Jira, wadda kamfanin Atlassian na Ostareliya ya fitar a 2002, da Asana, wadda aka kafa kamfaninta a 2008, su ma suna da irin allon nan. Shugaba ya duba sau ɗaya, ya ga inda katuna suka taru, ya san nan ne ruwa ya tsaya.

Amma fa akwai sharaɗi uku, in babu su allon ba shi da amfani. Na fari, kowane kati ya zama da suna ɗaya tak. Aikin da aka ce na kowa ne, a ƙarshe ba mai yinsa. Na biyu, abin da aka shirya da baka ko ta waya a shigar da shi allo a ranar, in ba haka ba daftari ya zama biyu, na ka da na allo, rigima ta koma inda ta fito. Na uku, shi ne mafi nauyi, a faɗa wa allo gaskiya. Manhaja ba ta da ido, ba ta zuwa rumbu ta ƙirga buhu. In yaro ya ji tsoron maigida ya matsar da kati zuwa gidan gamawa alhali wake na ƙasa, ita za ta yarda, ta gina lissafin kwana goma bisa ƙarya, ta nuna wa kowa a tsare kamar gaskiya ce.

Saboda haka nauyin yana kan shugaba. In ya zama mai hargowa duk sa'ad da aka kawo masa labarin jinkiri, mutanensa za su koyi ɓoyewa, allonsa ya yi kyan gani har ranar da direba zai iso ya tarar ba lodi. In kuwa ya karɓi labarin da wuri, ya tambaya ko jinkirin yana bisa sarƙa ne ko yana cikin rara, sai ya san inda zai ƙara hannu da inda zai yi haƙuri. Wanda ba shi da kwamfuta ma ba a bar shi baya ba. Alli da bangon shago sun isa a ja gida uku, a rubuta sunaye da ranaku, a duba kowace safiya kafin a buɗe ciniki.

Tammat.