Fitar da macijin gida shan iska: ina gaskiya, ina ƙarya?

Kiwon maciji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gardawa sun daɗe suna yawo da shi kasuwa-kasuwa a cikin kwando, suna wasa suna tallar magani. A yau kuma akwai masu ajiye 'yar mesa a akwati don sha'awa kawai, kamar yadda suke gani a intanet. A gari irin Bukuru, inda gidaje ke manne da juna, ga duwatsu, ga tsofaffin ramukan haƙar kuza, zancen ko ya dace a riƙa fitar da irin wannan maciji waje ya shafi unguwa duka. Ga maganganun da aka fi yaɗawa, da matsayin kowace.

"Maciji na bukatar rana, don haka a sake shi a tsakar gida." Rabinta gaskiya ne. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa kamar na akuya ko kaza. Daga waje yake samu, kuma sai da ɗumi abinci ke narke masa. Sai dai Bukuru na kan tudun da ya haura mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu sanyin dare kan sauko zuwa kusan digiri 10. 'Yar mesar da aka fi kiwo, mai dunƙulewa idan ta tsorata, tana son ɗumin digiri 26 zuwa 32. Hunturu na iya jawo mata ciwon numfashi, ta ƙi ci. Rana ma kisa take: akwatin gilashi da aka bari a tsakar rana kan ɗau zafin da zai halaka maciji cikin ɗan lokaci. Abin da yake bukata shi ne akwati mai gefen ɗumi da gefen sanyi, da ruwa, da wurin ɓuya.

"Ya saba da ni, ko ya fita zai dawo." Ƙarya ne. Maciji na iya sabawa da a ɗauke shi har ya daina firgita, amma ba ya shaƙuwa da uban gida irin ta kare. Da ya ga rami, ko tsagar dutse, ko magudanar ruwa, ya shige ke nan. A waje kuma shaho da kare da kyanwa na jiransa, kaska na cikin ciyawa, ɓeran da ya ci guba ma zai iya zama ajalinsa. Maƙwabta kuwa ba za su tsaya tambayar ko na wa ne ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Macijin da ya tsere ma na iya jawo ɓarna: a jihar Fulorida ta Amurka, mesar Bama da masu kiwo suka saki ko ta kuɓuce musu ta hayayyafa a fadamu, har ta yi wa ƙananan namun daji mummunar ɓarna.

"An cire masa haƙori, ba ya da dafi." Wannan ita ce ƙaryar da ta fi haɗari. Maciji mai dafi yana sauya haƙoran sara a tsawon rayuwarsa, akwai na ajiya a bayan waɗanda ake gani. In aka karya, wasu za su fito, jakar dafin kuma tana nan tana aikinta. Akwai ma nau'in kumurci mai tofa dafi a ido daga nesa, wanda ke iya makantar da mutum ba tare da sara ba.

"Yana jin kiɗa, shi ya sa yake rawa." Ba haka ba ne. Maciji ba shi da kunne na waje. Girgizar ƙasa ya fi ji. Idan ya fasa kai yana layi, motsin hannun mai wasa yake bi, a shirye yake ya kare kansa.

"Mesa ba ta da dafi." Gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Tana da haƙora masu lanƙwasa da ke yin rauni, babbar mesar Afirka kuma kan wuce mita 4, tana da ƙarfin matse akuya har lahira, balle ƙaramin yaro. Ban da haka, macizai kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsu da fatarsu, wadda ke sa zawo da zazzaɓi. Sakin maciji inda yara ke rarrafe ko inda ake shanya hatsi ganganci ne, duk wanda ya taɓa shi kuma ya wanke hannu da sabulu.

"In ya yi sara, a ɗaure wurin, a tsaga, a tsotse, a sa baƙin dutse." Ko ɗaya a ciki ba ya fitar da dafi. Ɗauri mai tsanani kan kashe gaɓa, tsaga kuma na ƙara zubar jini, musamman a saran kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a garzaya asibiti. Allurar kashe dafi kaɗai ce magani, ita ake yi wa mutane a cibiyar lafiya ta Zamko a yankin Langtang da asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma ta ƙiyasta yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara.

Hukunci: maciji mai dafi ba abin kiwo ba ne a gida, balle a fito da shi. Marar dafi kuma ba ya bukatar yawo; a bar shi a akwatinsa mai makulli. Wanda nasa ya yi rashin lafiya ya nemi likitan dabbobi, ga garin Vom nan kusa, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Wanda ya gaji da kiwo ya tuntuɓi ma'aikatan gandun namun daji na Jos, kada ya kai shi bayan gari ya saki.