Hotunan Bango: Gaskiyar Magana da Ƙanzon Kurege

Duk wanda ya shiga kasuwar Yelwa ko ta Wara sayen kayan jeren amarya ya san masu sayar da hotunan firam. Ga su nan jingine: Ka'aba, Masallacin Madina, manyan shehunnai, da zane-zanen Turawa na furanni da ƙoramu. Sai dai kowane hoto da labarin da ake haɗa shi da shi, kuma ba duka ne ke da tushe ba.

Wanda ya fi damuna shi ne abin da ake ce wa "hoton Shehu Usmanu". Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya, wani Bafaranshe mai suna Niépce ne ya ɗauke shi wajen 1826, sana'ar ɗaukar hoto kanta kuma sai a 1839 ta fito fili. Ke nan babu kyamarar da ta riski Shehu. Haka Shehu Ahmadu Tijjani da ya rasu a Fas a 1815, balle Sidi Abdulƙadir Jilani da ya rasu a Bagadaza tun 1166. Fuskokin da ke cikin firam ɗin nan zane ne na mutanen da suka zo bayansu. Shehu Ibrahim Inyass kuwa, da ya rasu a 1975, an ɗauke shi hotuna na haƙiƙa. Mai ƙaunar bayin Allah ya fi kowa cancantar a gaya masa wannan bambanci.

Sai batun kuɗi. Ana cewa tsohon hoton bango kan mai da mutum miloniya. Labarin yana da asali: zanen "Tutu" na Ben Enwonwu, wanda ya ɓace shekaru da dama, an gano shi a wani gida a Landan, aka sayar a 2018 kan fam miliyan 1.2. Amma wancan na hannun mai zanen ne. Kwafinsa da inji ya buga bai wuce kuɗin takarda da katako da gilashi ba. Ita ma Monalisa guda ɗaya ce, tana gidan tarihi na Louvre a Paris. Idan aka ce maka zanen hannu ne, matso da shi ido: bugun inji za ka ga ɗigo-ɗigo ƙanana a jere, fenti kuwa yana da kauri da sawun buroshi.

Abin da mata ke faɗa cewa hoto ba ya ƙarko a bakin ruwa gaskiya ne. Danshin tafkin Kainji da damina yana shiga bayan gilashi, takarda ta kumbura ta yi fumfuna, gara ta bi katakon, rana kuma ta kashe launin. A rataye shi nesa da taga, kada a manna shi jikin bango mai jiƙa.

Sayen kwafi don ƙawata ɗaki ba abin kunya ba ne. Roƙona ga 'yan kasuwarmu daga Yawuri zuwa Ngaski da Shanga shi ne, ku kira kwafi da sunansa, ku kira zane da sunansa. Kai kuma mai saye, ka biya kuɗin kwafi kawai.