Dashen na'urar ji: Me ya sa jira ke cutar da bakin yaro?

A gidaje da yawa, idan yaro ya shekara biyu bai fara magana ba, sai a ce nauyin baki ne, a yi haƙuri. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuma yaron ba ya ji ne, kuma watannin da ake ɓatawa ana jira suna da wuyar fansowa.

Ga yaran da kurumtarsu ta yi tsanani, likitoci kan dasa na'ura ta hanyar tiyata. Ba irin wadda ake saƙalawa a kunne ba ce, mai ƙara sauti kawai. Wannan siririyar waya ce da ake zurawa a wani sashe na can cikin kunne mai kama da katantanwa, tana aika wa jijiyar ji saƙo da lantarki, yayin da wani ɓangaren da ke bayan kunne ke ɗauko sautin.

Farfesa Graeme Clark na Ostireliya na cikin waɗanda suka share fagen aikin, da tiyatar da ya yi a Melbourne a 1978. A Amurka an amince a yi wa yara 'yan shekara biyu a 1990, aka sauko zuwa wata 12 a 2000, sannan wata tara a 2020.

Akwai dalilin wannan gaggawa. A 2010, Dakta John Niparko da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar JAMA, bayan sun bibiyi yara 188 da aka yi wa dashen kafin su cika shekara biyar. Waɗanda aka yi wa kafin wata 18 ne suka fi kusantar tsararsu masu ji wajen fahimta da furta magana. Ƙwaƙwalwa na koyon sauti ne tun tana ɗanya.

Sai dai bidiyon da ake yaɗawa a intanet, na jariri yana murmushi ranar da aka kunna masa na'urar, kan ruɗi mutane. A ranar, makonni kaɗan bayan tiyata, kunnensa tamkar na sabon haihuwa ne. Yana jin ƙara amma bai san ma'anarta ba. Sai an yi ta daidaita na'urar, ƙwararru su horar da shi, uwa kuma ta riƙa yi masa hira wajen wanka da cin abinci, shekara da shekaru.

Na'urar kuma ba ta iya isar da hawa da saukar murya sosai. An ga haka a yaran China masu koyon Mandarin, kuma Hausa ma da karin sauti take rarrabe kukan jariri da kukar miya.

A arewacin Najeriya da Nijar akwai ƙarin matsala: sanƙarau. Cutar kan kurumtar da yaro, kuma cikin 'yan watanni katantanwar kunnen na iya cikewa da ƙashi, har wayar ta kasa shiga. Shi ya sa likitoci ke so a gwada jin duk yaron da ya tashi daga cutar nan take.

Tsadar dashen ta fi ƙarfin yawancin iyaye, ga batir da gyara har abada. Don haka masana da dama ke ba da shawarar a fara yi wa yaro maganar hannu tun ranar da aka gano ba ya ji, ko za a yi tiyatar ko ba za a yi ba.