MATA BAƘI A BIKIN HOLI: DAƊI A CIKIN GIDA, FARGABA A KAN TITI

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Sholay na 1975 a silima ba zai manta da wurin nan da mutanen ƙauye suka fito suna rawa suna watsa wa juna garin launi ba, ja da kore da rawaya, har sararin sama ya turnuƙe. Wannan shi ne bikin Holi na mabiya addinin Hindu. Sai dai abin da silima ba ta nuna mana ba shi ne yadda ranar take ga macen da ta zo daga wata ƙasa, ba ta san gari ba, ba ta jin harshe, ga shi kuwa matanmu da yawa suna zuwa Indiya neman magani ko karatu ko saro kaya.

Ana yin bikin ne idan watan Falguna na lissafin Hindu ya cika, watau galibi cikin Maris, lokacin da sanyi ya wuce. A daren jajibere akan hura babbar wuta a unguwa-unguwa don tunawa da labarin Holika, wadda suka ce ta rungumi ɗan ɗan'uwanta Prahlada ta shiga wuta da shi don ya ƙone, sai ita ta ƙone shi ya tsira. Kashegari da safe kuma sai wasan launi, babba da yaro, mai gida da bara.

Macen da ta yi sa'a wani gida ya gayyace ta, to ita kam ta more. A tsakar gida ko filin unguwa ake wasan, tsakanin mutanen da suka san juna. Matar gida za ta ɗebo garin ta shafa wa baƙuwa a kumatu cikin ladabi, yara su bi ta da 'yar gorarsu ta fesa ruwa, 'yan mata su ja ta cikin rawa. Sa'an nan a kawo wani soyayyen abu mai cike da daskararriyar madara da sukari, sunansa gujiya, ko da yake ba ruwansa da gujiyar da muka sani.

A garin Barsana, kusa da Mathura cikin Jihar Uttar Pradesh, mata ne ma ke da ranar. Kimanin mako guda kafin babban bikin, mazan garin Nandgaon sukan zo suna tsokana da waƙe-waƙe, su kuwa matan Barsana su fito da gorori su yi ta jibgarsu, mazan na durƙushe suna karewa da garkuwa. Wasa ne irin na tsakanin Kanawa da Zazzagawa, asalinsa kuwa labarin Krishna ne da masoyiyarsa Radha, wadda suka ce 'yar Barsana ce.

Amma abin da ya fi sosa rai yana Vrindavan, ita ma kusa da Mathura. Dubban matan da mazajensu suka mutu ne ke zaune a wannan gari, da yawansu danginsu sun yar da su. A wurinmu takaba wata huɗu ce da kwana goma, mace ta yi wanka ta koma cikin jama'a. A tsohuwar al'adar wasu Hindu kuwa ba ta da ranar fita: farar tufa har mutuwa, ba ado, ba biki, ana ma ƙyamar ganinta a wurin murna. A 2013 ƙungiyar Sulabh International, wadda marigayi Bindeshwar Pathak ya kafa, ta shirya wa waɗannan mata nasu wasan, da garin launi da furanni. A 2016 suka yi shi a cikin haikalin Gopinath. Tsofaffi ne da suka shekara talatin ko arba'in launi bai taɓa jikinsu ba, ga su fararen tufafinsu sun rine, suna rawa, wasu na hawaye. Baƙi mata daga ƙasashe da yawa sukan je don su ga wannan da idonsu.

To, wannan ke nan. A kan titi kuwa labarin dabam ne, gaskiya ɗaya ce. Tun da hantsi samari ke cika hanyoyi ƙungiya-ƙungiya, wasu sun sha giya, wasu sun sha bhang, watau niƙaƙƙen ganyen wiwi da ake damawa cikin madara mai sanyi. Fuskoki duk sun rine, ba a gane kowa. Akwai kuma wata magana da suke fakewa da ita, ma'anarta: kada ki ji haushi, ai Holi ce. Da wannan magana ake jifan mace da balan-balan cike da ruwa daga saman bene, da ita kuma hannun da ya zo da sunan shafa launi yake kaiwa inda bai kamata ba. Matan Indiya kansu sun daɗe suna kuka da wannan, shi ya sa da yawansu ba sa leƙa waje sai la'asar. Baƙuwa kuwa, Baturiya ce ko baƙar fata, daga nesa ake hango ta.

A 2023 bikin ya faɗo ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya. A ran nan ne wasu samari suka kewaye wata 'yar Japan a unguwar Paharganj ta birnin Delhi, suna cakumarta suna murza mata launi, ɗaya ya fasa mata ƙwai a ka, sai da ta mari wani kafin ta kuɓuta. Hoton abin ya bazu a intanet, 'yan sanda suka kama mutum uku, ɗaya yaro ne. Wa ya san yawan waɗanda aka yi wa haka ba mai ɗaukar hoto a kusa?

Shi kansa launin abin lura ne. Da can daga furen itacen palash da kurkum ake yin sa. Na kasuwa mai araha yanzu sau da yawa rinin masana'anta ne, yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje, ya kuma ɓata ido. A 2012 an kwantar da kusan mutum 200 a asibiti a birnin Mumbai, yawancinsu yara, saboda gubar launi. Don haka masu wasan kan shafe jiki da gashi da man kwakwa, su sa tsohuwar riga mai dogon hannu, su rufe ido da tabarau.

Ga 'yar'uwarmu da ta kai mara lafiya, wahalar ta wani gefen ce. Ranar hutu ce a yawancin jihohi, kantuna a rufe, motar haya sai an sha wuya. Jirgin ƙasa na cikin birnin Delhi ma yakan tsaya har ƙarfe biyu da rabi na rana. Mai hankali ta sayi magani da abincinta tun ana saura kwana biyu, ta tambayi likita yadda aikin ranar zai kasance, ta kuma riƙe lambar 112 ta neman agaji. Wadda ke kudu, kamar birnin Chennai, ba za ta ga abin da ƙarfi haka ba, don bikin ya fi kafuwa a arewa.

Akwai kuma batun addini. Biki ne mai tushe a bautar Hindu, kuma Musulma ko Kirista tana da ikon ta ce a'a. A gidan mutunci idan ta ɗaga hannu ta ƙi, za a ƙyale ta a kawo mata gujiya. A kan titi ne ba a jin wannan kalma. A 2025 ranar wasan ta zo daidai da Jumma'a, 14 ga Maris, cikin watan azumi. A garuruwa irin su Sambhal da Aligarh aka lulluɓe wasu masallatai da tamfol don kada launi ya taɓa su, a wurare da yawa kuma aka jinkirta sallar Jumma'a har masu wasa suka watse.

Da azahar ta gota sai gari ya lafa. Kowa ya shiga wanka, a fito da tsabtatattun kaya, a shiga ziyarar dangi da maƙwabta ɗauke da kayan zaƙi. A lokacin ne baƙuwar da ta wuni a ɗaki za ta iya fitowa ta ga tituna ja-ja-wur, har karnuka da shanun gari sun rine. Wadda ta yi wasa kuwa, ko ta dirje da sabulu, jan zai kwana uku ko huɗu a kunnuwanta da ƙarƙashin farce.